Combinado, Turai

Zuwa ga Turai, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, farin watan da ya tashi daga Kuala Lumpur ya koma haska Maputo, ya bar ni nan da fitilun unguwar Bukit Bintang.

Bayan sallama, ya aikin asibiti, ya baƙunta?

Kin tuna la'asar ɗin da muka fake wa ruwa a rumfar mai abinci a Kampung Baru? A nan kika gaya mini kin karɓi aikin Mozambik, kika tambaye ni ko zan ajiye koyarwa in biyo ki. Na amsa da Malayanci, na ce boleh. Ni a raina na gama magana, kamar yadda mai shagon mamak, mai shayin nan garin, kan ce boleh, sai ga shayi a gabanka. Ke kuwa, da kika fi ni kunnen Malayanci, "mai yiwuwa" kika ji. Kika ture faranti, kika zuba wa ruwan ido. Mutumin da ya yi furfura yana koya wa 'ya'yan mutane ma'anar kalmomi, kalma guda ta tura masa mata wata nahiya ita kaɗai!

Tun tafiyarki hadari kan haɗu kullum, ya zuba, ya wuce. Nawa ya ƙi zuba, ya ƙi wucewa. Wa zan yi wa gyaran nahawu ya harare ni? Wa zai ce shayina ya yi kama da ruwan wanki, kuma ya shanye?

To, na koma ɗalibi. Malamina Abdurrahim ne, ɗan Mozambik mai aski a Brickfields, yana koya mini Fotugis da reza a wuyana, don haka ba na gardama. Jiya ya ba ni kalmar combinado. Da farko na zaci sunan miya ne. Ashe idan mutum biyu sun tsayar da rana da wuri, ɗaya kan faɗe ta da tambaya, ɗayan ya maimaita masa, shi ke nan an ɗaure. Ba ta da ƙofar baya irin ta "za a gani" ɗinmu. Asalinta haɗa abu biyu ne, shi ya sa bakin mutum ɗaya ba ya isar ta.

Ga nawa rabin, ya furen zuciyata. Na ajiye aiki. Da zarar ɗalibai sun gama jarrabawa zan taso, da littattafan da na kasa rabuwa da su da gwiwar nan mai ciwo. Abin da ban sani ba, ko tambayarki tana nan a buɗe, ko kin saba da gidan da babu mai gyara miki magana.

Combinado, Turai?

Naki a kowace nahiya, har ƙasa ta rufe idona,
Datti