Abin da Hannelore Ta Ji Ta Kan Shinge

Herne, 9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Irmtraud,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Detlef da yara da jikoki duka a can Winnipeg. Yaya ƙafar taki? 'Yata Birgit ta ce an sa miki ranar ganin likita, Allah ya sa a dace, ya ba ki sauƙi mai ɗorewa. Mu nan lafiya lau. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, idan za a yi ruwa ita ke fara sanar da ni. Jaririyar jikana Malte da matarsa Derya ta cika sati uku, sun sa mata Lale Roswitha, suna na biyun don tunawa da matata Roswitha, Allah ya jiƙanta. Ranar da aka ɗora mini ita a hannu sai da na nemi kujera.

Na san kina fushi da ni. Wata uku ban rubuto ba, kin kira sau huɗu ban ɗauka ba. Ba ciwo ba ne. Da farko kunya ce, daga baya kuma hannu na sa a takarda cewa ba zan buɗe baki ba sai bayan jiya da yamma. Kuma na san ki, tun muna yara ba ki taɓa barin magana ta kwana a cikina ba. Yau bakina ya buɗe, sai ki yi haƙuri ki bi ni daga farko.

Kin san wuyar da Malte ya sha. Ya bar koyon aikin lantarki saura shekara ɗaya ya gama, ya tafi makarantar wasan kwaikwayo, uwarsa Birgit ta yi wata biyu ba ta yi masa magana ba. Bayan ya fito ya yi shekara bakwai yana raba faranti a gidan abinci yana jiran a kira shi. Sau uku yana fitowa a matsayin gawa a wasannin 'yan sanda na talabijin, mukan taru a falo mu ga ƙafarsa ta leƙo daga ƙarƙashin farin zane, mu tafa masa. Sai ya samu shiga "Layin Gada", wasan nan da ake nunawa Litinin zuwa Juma'a da ƙarfe shida na yamma, ya zama Benno mai gyaran rufin gidaje. Shekara shida ke nan. A layin sayen burodi mata kan tare ni su ce in gaya wa Benno ya rabu da yarinyar nan, ba ta dace da shi ba. Abin da ba su sani ba, kwantiragin 'yan wasan na shekara ɗaya-ɗaya ne, kuma duk abin da aka gani a talabijin an ɗauke shi sati takwas kafin nan. Don haka labarin gaba sirri ne babba. Kowane shafi da aka ba ɗan wasa an buga sunansa a kai dishi-dishi, daga wannan kusurwa zuwa waccan, don idan ya fita a san daga hannun wa ya fita.

Kowace Lahadi yakan zo daga Kolon mu sha kofi, ya miƙo mini takardun in karanta maganar sauran mutane, shi kuma ya amsa da tasa har ya haddace. Ni ne ɗan sanda, ni ne mai gidan haya, ni ne ma budurwar. Yakan ce, haba Kaka, idan za ka ce kana so na kada ka faɗa kamar kana kiran ma'aikata su fito daga ramin kwal. Ke kin san darajar wannan a wurina. Ni da na shiga ramin kwal ina ɗan sha huɗu, sai da aka rufe ramin ina da hamsin da biyu sannan na zauna a makarantar yamma na koyi karatu yadda ya kamata. Har yau ban iya karatu a zuci ba. Sai na ɗora yatsa, sai na ji muryata, ga shi kuma ƙarar injin rami ta cinye mini rabin kunne.

A tsakiyar Afrilu ya zo fuskarsa ba daɗi. A takardun, Benno ya faɗo daga kan rufi, ya yi 'yan maganganu a motar asibiti, sannan ya yi dogon suma. Malte ya ce a sana'arsu dogon suma wurin ajiya ne, a nan ake kwantar da mutum kafin a yanke ko za a ci gaba da shi. Kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen Yuni, Derya kuma cikinta wata bakwai. Muka fara karatu, ni ne likita, sai kalmomin asibitin nan masu tsawo kamar jirgin kaya suka riƙa harɗe mini harshe, ina ta katse shi. Na roƙe shi ya bar mini takardun zuwa Lahadi mai zuwa in gyara bakina. Ya dube ni, sannan ya ce in sa su a aljihun tebur, kada ko kyanwa ta gani.

Ranar Talata rana ta fito, na ɗauke su na tafi lambu. Kin tuna dokar ƙungiyar lambunanmu, shinge ba ya wuce mita ɗaya da kwata, shugaba da kansa yake zagayawa da sandar awo. Shekara talatin ina goyon bayan dokar nan, ban taɓa tunanin ita za ta kama ni ba. Na zauna bakin bukkata ina karanta maganar likita da ƙarfi, ina maimaita inda yake gaya wa uwar Benno cewa ta shirya, da wuya ɗanta ya farka. Sai na ga kan Hannelore a kan shinge, maƙwabciyar lambuna, wadda ba ta taɓa barin wasan ya wuce ta ba ko ranar jana'izar mijinta. Ta ce, Ewald, wane ne ba zai farka ba? Na ce jarida nake karantawa. Ta ce shekara ashirin tana ba ni irin tumatir, yau ni zan dubi idonta in yi mata ƙarya? Ta fara hawaye. Na sa ta rantse, na nuna mata shafin, na shiga bukka in ɗora mata ruwan kofi. Minti biyu ne, Irmtraud. A cikinsu ta ɗauki hoto da wayarta. Daga baya ta ce 'yar'uwarta kaɗai ta tura wa. Ranar Juma'a shafin yana cikin mujallar gulmar 'yan wasa, an rubuta da jajayen haruffa cewa Benno zai mutu, ga sunan Malte kwance a kan shafin, kowa na iya karantawa.

A ranar aka dakatar da shi. Birgit ce ta gaya mini, domin shi bai kira ni ba. Ta ce a kwantiragin an rubuta cewa wanda ya fitar da labari korarsa ake yi nan take, kuma kamfanonin duk sun san juna, wanda aka kora a kan wannan ko gawa ba za a sake ba shi ba. Ta ce, Baba, shekara goma sha uku na yaron nan ka ɗauka ka kai wa Hannelore da kofi. Kwana tara ban ji muryarsa ba. Ranar Lahadi na jera kofuna biyu, na mayar da ɗaya. Da na ji an kira shi gaban shugabar shirin ranar Alhamis da ƙarfe goma, sai na zauna na rubuta abin da ya faru, sau biyar ina yagawa. Na sa baƙar kwat ɗina ta zuwa jana'iza, na hau jirgin safe zuwa Kolon.

Mai gadin kamfanin ya hana ni shiga, na tsaya bakin ƙofa fiye da awa guda. Da Malte ya iso ya gan ni, fuskarsa ta yi fari, ya ce, Kaka, don Allah ka koma gida, na riga na gyara. Na ce ba inda za ni. Haka muka shiga tare. Shugabar, Madam Rautenberg, ba ta kai Birgit shekaru ba, gefenta ga lauyan kamfani da tulin takardu. Kafin a ba ni izini na miƙe, na ɗora yatsa, na karanta takardata da ƙarfi daga farko har ƙarshe, har da shinge da ruwan kofi. Na gama, na naɗe takardar. Madam ta juya ta dubi Malte, ta ce to wanne za ta ɗauka, na jirgi ko na lambu? Ashe tun farko ya gaya musu shi ya manta takardun a jirgin ƙasa, don ya rufa mini asiri. Na zo in wanke shi, sai na mayar da shi maƙaryaci a gaban lauya. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. Malte ya sunkuyar da kai ya ce na lambu ne gaskiya. Madam ta juyo gare ni ta ce, Malam Kaczmarek, ka san abin da ka ɓata mini? Mutuwa. Wata huɗu suna gina ta, an riga an yanke za a cire wa Benno na'urar numfashi a watan Yuli. A nan Malte ya fara jin cewa ko ba ni ba aikinsa ya ƙare. Ta ce mu tafi, za a neme mu. A jirgi mun zauna kusa da juna har Herne, fuskarsa tana ga taga.

Kwana goma sha ɗaya muka jira. Ban leƙa lambu ba, tumatirina suka bushe a tukwane. Sannan aka kira mu, mu biyu. Madam ta ce kada mu ɗauka tausayi ne. Mutuwar da kowane shagon gyaran gashi ya riga ya sani ba ta da amfani a wurinta, ba wanda zai ƙi cin abincin yamma don ya kalle ta. Tunda duk ƙasa tana jiran gawa, to sai Benno ya buɗe ido. Za a ƙara wa Malte shekara ɗaya, amma daga yau shafi ko ɗaya ba zai sake fita daga kamfanin ba, a can zai riƙa hadda. Lauya ya turo mini takarda na sa hannu cewa ba zan gaya wa kowa ba sai an nuna. Madam ta raka mu ƙofa, ta ce in na sake kusantar takardunta sai ta kashe Benno sau biyu.

Sati takwas na yi da wannan a cikina. Hannelore ta kawo mini kek ɗin tuffa sau shida, rabi ban haƙuri, rabi bugun ciki. Na ci kek ɗin, na riƙe sirrina. Malte kuwa yakan gaishe ni, ya ba ni jaririya in riƙe, amma Lahadinmu ta tafi, kuma ban ga fuskar tambayarsa ba.

Jiya muka taru a zauren ƙungiyar lambu don kallon wasan, mu kusan talatin, mata sun zo da ƙyallen share hawaye. Likita ya kai hannu zai kashe na'ura, sai yatsan Benno ya motsa. Hannelore ta yi ihu, ta buge ni da jaka, ta ce, tsohon munafuki, ashe ka sani! Ni kuwa kuka nake yi kamar ban sani ba. Ana cikin haka sai ga Malte a bakin ƙofa da katon kwali, ya dire shi a gabana. Tsofaffin takardunsa ne na shekara shida, waɗanda aka riga aka nuna, ya nemi izini aka ba shi. Ya ce ranar Lahadi da ƙarfe uku yana nan tafe, za mu fara daga shafin farko, ni ne budurwar. Ya ce, Kaka, waɗannan kam ka ɗaga murya yadda kake so, duk Jamus ta riga ta ji.

Ki gaishe mini da Detlef, ki ce masa ya rage shan taba. Ki gaida Karin da mijinta da 'yan biyunsu, da Uwe idan ya leƙo gida. Birgit tana gaishe ki, Malte da Derya ma haka, sun ce hoton Lale yana biye da wannan takarda. Yanzu ki kira duk lokacin da kika ga dama, zan ɗauka. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Yayanki Ewald