Ƙofar Ɗakin Inna a Zanen Sabon Gida

Laurel, Maryland
6 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Zakariya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da Anti Sailuba da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, ya jiƙan Baba, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi a madadinmu duka. Mu ma lafiya lau muke. Sanyi ya tafi, Haidar ya shiga shekara ta takwas, Sharifa ta zubar da haƙora biyu tana ta yi wa mutane murmushi da giɓi. Abban Haidar yana wurin aikinsa, ni ma ina asibitin da ka sani. Na zaɓi takarda ne don in muna waya surutu ke cinye mu, kuma akwai zane a ciki da nake so a riƙe a hannu a duba.

Ka san mun samu fili a gefen Laurel, kuma mun kai matakin zanen gida. Mai zanen wani dattijo ne, Mista Martins, mutum mai haƙuri. Gidan na ƙasa ne, ɗakunan kwana uku ban da namu, amma ya ba mu shawara tun farko mu bar hanyar ƙara ɗaki a sama. A nan ba sai an ɗora bene ba, sararin da ke tsakanin silin da rufi shi ake mayarwa ɗaki in buƙata ta taso. Sai dai abin yana da sharaɗi. Dole rufin ya yi tsayi yadda babba zai miƙe tsaye, katakan da ke ɗauke da shi su bar tsakiya a buɗe maimakon su giggitta, azarar silin ta zama mai kauri don wata rana a kanta za a taka. A kai bututun ruwa da wayar wuta sama a toshe bakinsu, a kuma ware wurin matakala, ko da sito za a mai da shi kafin lokacin. In ba a yi haka yanzu ba, gobe sai an yaye rufin gaba ɗaya.

Yaya, gaskiyar magana duk wannan gini saboda Inna nake yin sa. Kai wata ukun da ta yi mana lokacin muna Alexandria a waya ka ji, ni na gani da idona. Banɗaki ɗaya ne a gidan, kuma ƙofarsa tana kallon ƙofar ɗakinmu. Inna ba ta fitowa sai surukinta ya tafi aiki. Da yamma ta daina shan ruwa don kada fitsari ya fito da ita ta yi kaciɓis da shi, ga ciwon suga, har sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti. Shi kuma da ya gane, sai ya koma cin abincinsa a cikin mota don ta samu ta sake a falo. Na zauna tsakanin mutum biyu masu ganin girman juna, kowanne yana ramewa. Ranar da za ta tafi ta ce da ni ba za ta sake zuwa ta kori mutum daga gidansa ba. Maganar nan har yau tana ci min rai. Takardun zamanta sun fito, likitan da zai duba idonta yana nan, amma in ta ce a'a, duk aikin banza ne.

Kuskuren da muka fara yi zai ba ka dariya. Abban Haidar da kansa ya ce a ba Inna ɗakin saman, a gyara shi yanzu ba sai gaba ba, wai nan ne ya fi nisa da shi, ba za ta ji ko tarinsa ba. Ni ma na yi na'am, har ina yaba masa. Mu biyu muna ta auna kunya, ba wanda ya tuna gwiwar Inna, wadda dandamalin ƙofar gida ma sai ta dafa bango take hawa. Mista Martins ne ya ɗago ya tambaye mu shekarunta. Da na faɗa, ya ce matakalar hawa goma sha huɗu ce, kuma gindinta dab da ƙofar ɗakinmu yake. Daga nan ya rage murya ya tambaye ni ko faɗa ne tsakanin mijina da mahaifiyata. Na sha wuya kafin ya gane cewa a wajenmu gudun juna irin wannan girmamawa ce. Abban Haidar dai yana gefe ya yi tsuru-tsuru yana wasa da makullin mota.

Sai muka juya tsarin. Ɗakin da muka ware wa Haidar a ƙasa ya zama na Inna, da banɗakinta a ciki. Yaran za su ci gaba da kwana ɗaki guda, na ukun ya zauna na baƙi da karatu, in Haidar ya kai shekarun raba makwanci a gyara masa saman ya hau. Ya ji haka ya hau tsalle, da Turanci yake tambaya ko gobe za a fara. Na kuma roƙi Mista Martins kada ɗakin saman ya bi ta kan na Inna, don na san ba za ta yarda a riƙa taka mata kai ba, ko da jikanta ne. Ya ja ɓangarenta ya fito gefe da ɗan rufinsa daban. Abin da hakan ya ci shi ne babban falon da Abban Haidar ya daɗe yana buri, na tara abokai ranar Sallah. Ya kalli yadda aka yanke shi, ya ce mutum shida za su zauna, sauran su zauna a waje.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta da takarda ba. Asabar ɗin da ta wuce ya sayo turaku da igiya, muka je filin ya zana gidan a ƙasa yadda magina ke yi a Zariya. Ya ce in zama Inna, shi ya zama kansa, mu yi zirga-zirgar yini guda mu gani. Na fito daga ɗakin Inna zuwa kicin ina ɗingishi, ya shigo daga aiki, sai ga mu ido huɗu a lungu. Na tafi shanya, ya fito zuwa masallaci, muka sake haɗuwa. Sau uku muna karo, maƙwabcinmu yana tsaye da karensa yana kallon ikon Allah. Ranar Litinin muka koma wajen Mista Martins ya mayar da matakalar bayan kicin, ya buɗe wa maigidan hanya ta gareji, ya kuma ba ɗakin Inna ƙofarsa ta kansa zuwa bayan gida, inda za ta shanya kayanta ta sha hantsi ba mai ganin ta.

Jiya bayan la'asar muka koma muka gyara igiyoyin, muka sake gwadawa. Na yi kicin, na yi shanya, na yi alwala, na dawo, ban gamu da shi ba ko sau ɗaya. Har na gaji na fara neman sa in ce masa an gama. Sai na hango shi a wajen igiyar, daidai inda ƙofar Inna za ta kasance. Ya cire takalmansa a kan ciyawa, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Na tambaye shi me yake yi, ya ce yana duba inda zai riƙa gaishe ta da safe ne, kuma a faɗa wa Mista Martins ya faɗaɗa dandamalin wajen kaɗan. Yaya, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Babu bango, babu ƙofa, igiya ce kawai, amma ya ƙi tsallake ta.

Ga roƙona. Ranar ashirin ga wata za a miƙa zanen ofishin ba da izinin gini, bayan nan ba a matsar da ƙofa sai an sake komai daga farko. Na san kai ɗan fari ne, in ka zauna gabanta da takarda bango za ta kalla, ko sunanka ba ta faɗa. Ka ba Gwaggo Hasiya zanen ta shiga da shi, ita ce ba sa ɓoye wa juna magana. Na sa jan biro a ɗakin. Kada ta tambaye ta ko za ta zo, ka san amsar da za ta bayar. Ta tambaye ta kawai wane gefe take so ƙofar ta buɗe, wajen hantsi ko wajen inuwa. In ta zaɓa, na gane. In ta yi shiru, za mu sa ƙofar wajen hantsi mu jira.

Ka gaida Anti Sailuba da kyau, da Umaru da Khadijatul Kubra, ka ce mata na ji sakamakon jarrabawa, Allah ya ƙara basira. Ka gaida Gwaggo Hasiya, ka ce mata na ɗora mata kaya. Haidar da Sharifa suna gaida Kawu. Abban Haidar yana gaishe ka, ya ce kuma a gaida Inna. Na ce masa ya faɗi saƙon da zan rubuta mata, ya ce a gaya mata ba ya cin abinci a mota yanzu, kuma in ta zo ma ba zai ci ba.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Rabi'atu