Ba Zan Bar Ƙyale da Baƙo a Sakkwato Ba

Don Allah a taimake ni da shawara, amma in faɗa tun da wuri: ba izini nake nema ba. Na riga na yanke, hanya kawai nake tambaya.

Ni malamar makaranta ce, bana na yi ritaya. Asalina Kudancin Kaduna, amma shekarata talatin da ɗaya a Sakkwato, a wani gida bayan Sama Road. Nan na haifi 'ya'yana, nan na binne mijina Habila. Ɗana Micah yana aiki a Fatakwal, matarsa ta haifi tagwaye, sun ce in koma wurinsu, na kuma yarda. Rigimar a kan karnukana biyu ta taso: Ƙyale, mace, mai shekara goma sha biyu, da Baƙo, namiji, mai tara.

Micah ya ce in bar su, wai ƙasar can ruwa ce da sauro, tsohon kare ba zai kai labari ba. Ƙanwata Laraba ta bugo daga Kafanchan tana dariya, tana tambaya ko na ɗinka musu anko na tafiya. Duk wannan bai dame ni ba. Wanda ya ƙona mini rai shi ne maƙwabcina Malam Sodangi. Mutumin da ya shekara goma yana ƙorafin haushi, wanda ko gefen rigarsa ba ya bari su shinshina, shi ne ya yi sallama ya ce in bar masa Ƙyale ya kai ta lambunsa na bakin gulbi, wai akwai inuwar mangwaro da mai gadin da ya san kare. Har da kawo mini misali, wai ko shanun gudali in aka kai su kurmi sammore, cutar ƙudan tsando, ke cinye su. Na ce masa na gode, amma ni ba saniya nake kiwo ba.

Abin da suke mantawa shi ne, ranar da hawan jini ya kayar da Habila a tsakar gida da azahar, ina aji ina koyarwa, Ƙyale ce ta tsaya gindin katanga tana haushi har shi Malam Sodangin ya leƙo ya kai shi asibiti. Shekara huɗu Allah ya ƙara mana tare bayan wannan. Yanzu don ta tsufa sai in sallame ta kamar tsohuwar kujera? Ban iya ba.

Kuma wane zafi za a nuna wa karen Sakkwato? Waɗannan sun ga Afrilu sau tara, sau goma sha biyu, lokacin da kwalta ke narkewa. Fatakwal ai sanyi za su je sha. Laimar iskar can ce kawai ba su sani ba, ita ma na fara koya musu. Wata guda ke nan ina jiƙa su sau uku a rana, in lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, sannan in zagaya da su da ƙarfe biyu don jikinsu ya yi ƙwari. Baƙo lafiyarsa lau. Ƙyale ce dai ta fito da wani gyambo mai wari a wuya, tana tari, kuma takan zauna a hanya ta ƙi tashi, amma dama tana da taurin kai irin na uwar gidanta. Na shirya su bi motar kayana a baya, kwana biyu ne. A gaya mini abin da ya rage in yi. Kada a ce in bar su.

Kakar Tagwaye, Sakkwato

Mama, barka da ritaya, barka da samun tagwaye.

Ba zan ce ki bar su ba. Wanda ya riƙe alkawarin dabba bai yi abin dariya ba, kuma Laraba ta ajiye ankonta. Amma tunda hanya kika tambaya, ta farko ita ce: daga yau ki daina horon nan. Ba laima kike koya musu ba, wahala kike ba su.

Ki dubi randarki. Ruwanta na sanyi ne saboda iskar Sakkwato busasshiya ce, tana shanye danshin da ke tsattsafowa ta tafi da zafi. Ki kai wannan randa Fatakwal, ruwan zai zauna ɗumi, don iskar can ta riga ta ƙoshi da ruwa. Kare randa ne mai ƙafa huɗu. Ba ya zufa kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma haki a iska mai laima ba ya biyan bukata sosai. Shi ya sa karen da ya jure Afrilun Sakkwato zai iya faɗuwa a garin da ma'aunin zafi ya nuna ƙasa da haka. Buhun da kike lulluɓa musu kuwa zafi yake riƙewa a jiki, kuma ba mamaki shi ya jawo gyambon. Yawon ƙarfe biyu ki mayar da shi sassafe, gajere.

Zaman da Ƙyale ke yi a hanya ba taurin kai ba ne. Tsohuwar karya mai tari da saurin gajiya, zuciyarta ake fara dubawa. Cikin makon nan ki kai su duka biyu wurin likitan dabbobi, ya saurari ƙirji, ya gwada jini da ƙoda, ya wanke gyambon. Ya sabunta allurar haukan kare ya ba ki takarda. Ki tambaye shi maganin kaska da na tsutsar zuciya da sauro ke ɗauka, amma sai bayan gwaji ake fara wannan. Malam Sodangi kuma bai yi kuskure ba: sammore na kama kare, ba shi da rigakafi, kuma dabbar arewa ta fi saurin faɗa masa. In kin isa can kika ga zazzaɓi, rama, ko ido ya yi fari-fari, kada ki kwana ba ki kai su likita ba.

Bayan motar kaya kuwa, a'a. Kwana biyu tsakanin katifa da buhuna zai iya kashe ko Baƙo. Ƙaramar mota mai sanyi, a tashi da asuba, a tsaya duk bayan awa biyu ko uku su sha ruwa. In da hali ki jinkirta zuwa Disamba ko Janairu, lokacin da laimar can ta ɗan sassauta. Micah ya tanadi rumfa mai shan iska, da fanka, da gadon katako da ya ɗaga daga ƙasa. A can, in kin yi musu wanka ki tsane su sarai har cikin kunne, abinci kuma kada ya wuni a kwano.

Saura maganar da ba kya so. Ina kyautata zaton likita zai yarda Baƙo ya yi tafiyar. Ƙyale, ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. In ya ce za ta iya, ki tafi da ita kanki a sama, kowa ya yi ta magana. In ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, to ki tambayi kanki wa tafiyar za ta amfana, ita ko ke. Ki kuma sake duban tayin maƙwabcinki. Mutumin da ba ya bari kare ya taɓa rigarsa, ya tako da ƙafarsa ya roƙi a ba shi riƙon tsohuwar karya, ba raini ya kawo ba. Shi ne ya leƙo katangar nan, ya san abin da ta yi. Ki je ki ga lambun da idonki kafin ki ce a'a karo na biyu.

Ƙyale ta yi haushi ranar da Habila ya kasa magana. Yanzu ita ce ta zauna a hanya tana gaya miki wani abu, sai ki saurare ta. Allah ya ba ta lafiya, ya raya tagwaye, ya kai ki Fatakwal da kwanciyar rai.