Legas ko Kaduna

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban, Rimin Gado

Yau na leƙa rumbu, sai da na zura rabin jikina kafin hannuna ya taɓo dawa. Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri kamar bara. Tafiya dai ta zama dole, ni da matata Rabi da yara, garin ne na kasa tsayarwa.

Baffa Sule ya ce in zo Legas, akwai aikin gadi har da ɗaki. Abokina Habu kuma ya ce Kaduna, in taya shi awon hatsi, sai dai samun bai taka kara ya karya ba. Rabi Legas take so. Ban ga laifinta ba, ita ke fama da tukunya.

Bayan magariba na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗar iri. Na zayyana mata komai, ina jiran ta tambayi albashi. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "In na cika da asuba, daga wanne za ka iso kafin a kai ni?"

Na ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Ka san gawa ba ta jiran kowa. Ran da babanku ya rasu, baffanka kabari ya tarar."

Na gaya wa Rabi. Ta ce ita ma tata uwar ta tsufa. Gobe in Allah ya kai mu zan aika wa Habu.

Sai yanzu na lura, ko sau ɗaya Inna ba ta ce kada in tafi ba.