Baƙaƙen Wainar Inna Delu

Kambarawa, 8 ga Maris, 1999

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Ƙofar Marusa. Tunda an gama zaɓe ka huta da rubuta wa 'yan siyasa ƙyallaye, ga tsohuwar malamarka ta zo da nata aikin.

Bana 'yan aji ɗaya nake koya wa. Baƙaƙen littafinsu ba su burge su, amma da mai ƙosai ta gifta sai duk wuya ya miƙe. Shi ne na ce me zai hana a zana musu baƙaƙe da abin da suke so? Tun kana ajina nake kama ka kana yi wa baƙaƙe ƙafa da wutsiya. To yanzu na ba ka izini. Ka yi min babban allo, kowane baƙi da siffar abinci. Audu mai kawo mana burodi zai riƙa kai mana wasiƙa.

Ni ce malamarka,
Tabitha Elisha

Ƙofar Marusa, 25 ga Maris

Malama,

Gaisuwa da girmamawa. Ashe bulalar da na sha a kan wutsiyar baƙaƙe jari ce!

Ga allo nan Audu ya ɗauko. Kin san ni ba na zane da ka, sai na jera abu a gabana. Na yi tsayayyun layuka da ƙuli-ƙuli, lanƙwasa da alkaki, ƙugiyar Ƙ da Ɗ kuma da ɗan barkono mai lanƙwasasshen baki. Masu zagaye ne suka ba ni wuya. Ƙosai ba ya da tsari, fura kuma ta faye santsi.

Sai Allah ya kawo sauƙi. Maƙwabciyata Inna Delu mai waina, wadda ta ciyar da ni shekara uku ina koyon sana'a, ta rasu, ranar Juma'a aka yi sadakar arba'in. 'Yarta Sabuwa ta aiko min da waina kwano guda, an soya a tandar marigayiyar. Malama, ban taɓa ganin zagaye irin wannan ba. Na jera su a faranti, na shafa musu man nan da kafintoci ke sa wa kujera ta yi sheƙi, don kada ƙuda ya ɓata min su. Duk wani baƙi mai tumbi da kika gani, wainar Inna ce.

Ɗalibinki,
Nu'uman

Kambarawa, 14 ga Afrilu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Allon ya yi kyau ƙwarai. Cikin mako biyu yaran da ba su san A ba sun kai Z, har hedimasta ya zo ya tsaya yana dariya. Na so in tsaya a nan.

Kullum da ƙarfe goma ajin nan sai ya cika da ƙamshin waina mai zafi, alhali babu mai suya kusa da makarantar. In an tashi tara, yarana ba sa fita. Suna zaune suna kallon allon, abincinsu na ƙulle a leda. In na tambaya sai su ce sun ƙoshi. Iyaye huɗu sun zo min, a gida ma haka.

Wadda ta fi damuna Furera ce, 'yar shekara shida. Yau kwana uku ruwa kawai take sha. Jiya na ɗora ta a cinya na ce, "Furera, wa ya ba ki abinci da kika ƙoshi?" Ta ce, "Ba ta ba mu ba, Malama. Miƙowa take yi, in mun kai hannu sai ya maƙale a allo. Ta ce ta gaji da riƙo." Na ce wa? Ta ce tsohuwar da ke tsayawa gefen allon, mai tabon ƙuna a wuyan hannu.

Nu'uman, ni Kirista ce, amma shekarata talatin a Katsina ina karɓar kwanon sadaka daga maƙwabta. Na san ci ake yi, a yi wa mamaci addu'a, a mai da kwano. Ka ci ko guda ɗaya?

Malamarka

Ƙofar Marusa, 15 ga Afrilu

Malama,

Ban ci ba. Addu'ar ma ban yi ba, hankalina na kan zagayen. Kwanon Sabuwa yana nan ƙarƙashin tebur.

Tabon nan na san shi. Mai ne ya fallatsar mata ranar da na yi tuntuɓe da murhunta, ba ta taɓa gaya wa kowa ni ne ba.

Ban so in faɗa miki ba, amma ni ma rabona da jin yunwa tun ranar da na gama allon. Wandona har ya fara zamewa. Ɗazu da hantsi na taɓa wainar da ke farantin. Ta bushe kamar dutse, amma da ɗumi.

Na je wurin limaminmu. Ya ce mamaci ba ya dawowa, na kuma yarda. Amma ya ce na tsare abin da ba nawa ba, in je in sake shi. Na binne farantin. Sabuwa za ta soya wata a tandar uwarta, gobe da ƙarfe goma zan kawo ajinki da kaina. Ki sauke allon, ki juya fuskarsa bango. Don Allah ki riƙe min Furera zuwa goben.

Nu'uman

Kambarawa, 17 ga Afrilu

Ɗana,

Furera ta ci huɗu jiya, yau ta zo da ɗumamen tuwo ta cinye, har ta yi faɗa a kan gyaɗar wata. Ƙamshin ya ɗauke. Mun gode Allah.

Amma ina kallonka jiya. Ka raba wa kowa, ka yi addu'a, ka share ido, ka ɗauki kwano ka fita. Ko gutsure ba ka kai baki ba. Na san kunya ce.

Yau da safe Furera ta ce tsohuwar ta bar ajin. Ta ce kafin ta fita ta tambaye su hanyar Ƙofar Marusa, wai saura mutum ɗaya.

Na ɓoye maka guda biyu, ga su nan a ƙunshe tare da wasiƙar nan. Tun jiya suke cikin jakata, kuma Audu ya ce suna ƙona masa hannu. Ka yi bismilla ka ci kafin ka ba ni amsa.

Malamarka,
Tabitha