Rakin da Ake Sayarwa a Kwalba

Madarumfa, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Hamza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka. An yi ruwa mai kyau, tabki ya cika har ya taɓa gindin gawon da kake ɗaure kwalekwalenka a da. Gero ya fara fitar da kai a gonar hanyar Sarkin Yamma.

Na rubuta wannan a takarda na ɗauki hotonta, kuma ina roƙon ka amsa a rubuce. Kada ka aiko murya. Ka san duk muryar da ta shigo portabul ɗina sai Inna ta sa na kunna mata a tsakar gida, wani lokaci har da maƙwabta.

Magana biyu ce. Ta farko, Kawu Gambo ya je Gabi kan sa ranar aurenka da Rashida. Mahaifinta, Alhaji Mahaman, ya ce ba zai sa rana ba sai ya san takamaiman aikin da kake yi a Girka. Ya ce a zo masa da ni ranar Juma'a, tunda ni ke karanta saƙonninka. Tun da aka gaya mani nake ta lissafin abin da zan ce masa.

Ta biyu, hoton da ka aiko kana sanye da farar riga. Bayanka akwai allo da rubutun alli. Ban iya Girkanci ba, amma duk wanda ya yi digirin lisans a lissafi ya san harufansu, da su muke sa wa kusurwa suna. Na farko ro, sai alfa, sai kapa, sai ita. Na haɗa su suka ba ni "raki". A gefensa akwai farashi.

Yaya, tun bara kake cewa a tsibirin nan raki a kwalba ake sayar da shi, da na zo da na yi arziki, saboda tun ina yaro kake ce mani Mai-raki don kukan allura. Duk mun ɗauka tsokanata kake yi. Inna ta sha ba da labarin a gidan suna, mata suna ta dariya. Na bincika a wurare dabam-dabam, bakinsu ɗaya: raki barasa ce, fara kamar ruwa, ana yin ta da sauran inabin da aka matse.

Ban ce kana sha ba, ban ce kana sayarwa ba. Abin da na gani allo ne, kai kuma kana tsaye gabansa. Amma mu a nan abin da muka sani shi ne kana aikin kifi a jirgin wani tsoho. Ka gaya mani yadda abin yake kafin Juma'a.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Al'amin

Hanya, tsibirin Kirit, Litinin

Mai-raki,

Wa alaikumus salam. Ka gaida Inna da Kawu. Kai dai Allah ya shirye ka! Mutum ya aiko hoto a ga rigarsa, kai ka tsallake rigar ka tafi karatun bango.

To saurara. Ban taɓa sa rakin nan a baki ba, wallahi, ko ɗigo. Ban kuma taɓa zuba wa kowa ba.

Ga yadda aka yi. Da na zo, aikina a jirgin Tsoho Manoli yake, kamar yadda kuka sani. In mun dawo daga teku, ni ke ɗaukar akwatunan kifi da ƙanƙara in kai gidajen abinci na tsohon gari. Ƙofar gaba ta baƙi ce, mai kifi ta baya yake shiga. Lungunan nan sun fi na kasuwar Maradi murɗiya, wani ma sai ka karkata akwati kafin ka wuce. A haka na san garin ta bayansa.

Akwai wata ƙofa, ba suna, ba fitila, fentinta ya kwaile, ka rantse garken awaki ne. In ka tura, gida ne da rufinsa ya faɗi tun zamanin yaƙi, itacen ɓaure ya fito a tsakiyar ɗaki, an jera tebura ƙarƙashinsa. Wani dattijo yana kaɗa gogensu mai tsirkiya uku, a kan gwiwa yake kafa shi. Maza su dafa kafaɗun juna su yi ta dukan ƙasa da ƙafa, har da masu furfura. Akwai wata a ƙarƙashin ƙasa, tsohon gidan wanka ne, in ka yi tari sai ya dawo maka. Wata kuma a tsohuwar majema take, bakin teku, ruwa na dukan bango mutane na cin zaitun. Lokacin da ku a Madarumfa kuka juya kwanciya, su a lokacin suke zaman cin abinci. Su ba sa tallar wuraren nan, don kada baƙi su cika su, baƙin kuwa su suke nema ido rufe.

Wata rana wasu Turawa biyu suka ɓata, suka ga ni da akwati a ka, suka biyo ni kamar ƴan tsaki. Na tura masu ƙofar ɓaure. Abin da suka damƙa mani ya fi abin da nake samu in na wuni ina jan taru. Suka gaya wa wasu, wasu suka gaya wa wasu. Yanzu in na yi isha'i sai in same su a bakin tashar jiragen ruwa, in bi da su lungu-lungu, in tura ƙofa, su shiga. Ni kuwa wurin masu girki nake zama, matar mai gidan ta san ni, shayin dutse take dafa mani da zuma. In sun gama in mai da su otel kada su faɗa ruwa.

Jirgi kuwa ina zuwa ranar Litinin, yau ma na je. Wanda ya kwana yawo ba ya iya fita da asuba kullum.

Saboda haka ka ce wa Alhaji ina aikin kifi. Ba ƙarya ka yi ba. Har sunan garin ma Hanya, ni kuma hanya kawai nake nunawa, mene ne laifi? In damina ta wuce baƙi za su watse, in zo gida a ɗaura aure, magana ta mutu.

Ka sha ruwa, ka daina raki.
Yayanka, Hamza

Madarumfa, ranar Talata

Yaya Hamza,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya. Na karanta wasiƙarka, na kuma yarda ba ka sha. Na duba taswira, sunan garin ya fi kusa da Haniya, amma wannan ba shi ne muhimmi ba.

Na zauna na tsara abin da bakina zai iya faɗa. In Alhaji ya ce kana sha, zan ce a'a. In ya ce kana sayarwa, zan ce a'a. In ya ce kana shiga jirgi, zan ce i, ranar Litinin. Amma in ya ce da me kake ci, ba zan iya cewa kifi ba. Rana ɗaya a mako ba ita ce sana'a ba. Na gwada faɗin "aikin kifi yake" ni kaɗai a bayan rumbu, ko ni ban yarda da kaina ba. Alhaji tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya yi shekaru yana kallon idon ƴan duwan masu binciken kaya a hanyar Jibiya. Ni ba zan ɗauke shi minti ɗaya ba.

Ni ba malami ba ne, ban san hukuncin mai nuna ƙofa ba, kuma ina jin tsoron tambayar liman kada ya gane da wa nake. Abin da na sani, mutum zai ba da ɗiyarsa bisa maganata.

Ga shawara. Ka kira Alhaji da kanka kafin Juma'a. Lambarsa tana wurin Kawu.

Allah ya tsare.
Ƙanenka, Al'amin

Hanya, Laraba

Al'amin,

Salamu alaikum. In kira shi in ce masa me? Dattijon da bai taɓa ganin teku ba, yana jin "mashaya" zai kashe waya.

Lisans ɗin da ka karanta allon da shi, shekararsa ta ƙarshe ƙofofin nan suka riƙe ka. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake ba, tuni ne. Kalma biyu na roƙe ka: aikin kifi. Na jira Rashida, ta jira ni. In abin ya lalace a bakinka, kai za ka gaya wa Inna dalili.

Sai na ji.
Hamza

Madarumfa, ranar Asabar

Yaya Hamza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da kana fushi. Mun je Gabi jiya, ni da Kawu Gambo a kan moto. Zan ba ka labarin yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Ludayin farko na zubar a riga. Ya dube ni ya ce, "Malam Lisans, fura ce, ba jarrabawa ba ce."

Sai ya ce, "Wan naka yana salla?"

Na ce, "Yana yi, Baba."

"Aka ce ƙasar mashaya ce. Yana sha?"

"Ya ce bai taɓa ba. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, sai dai yakan rage magana."

Ya ajiye ludayi. "To me ya rage?"

Nan Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, ai yaron nan masunci ne ɗan masunci, kowa ya sani." Ya taka mani ɗan yatsa. Alhaji ya ce, "Gambo, da kai nake so in ji, da ban sa ka ƙona esans ka ɗauko shi ba."

Yaya, na faɗa. Na ce kana shiga jirgi ranar Litinin, sauran ranaku kana kai baƙi wuraren da ake kiɗa ana shan barasa, kana tura ƙofa, kai kana zama wurin masu girki da shayi. Na faɗi ɓauren, na faɗi mai goge, don kada ya ɗauka irin bar ɗin bayan tasha ne. Na kuma ce da wannan aikin na ƙare karatu, don kada laifin ya tsaya kanka kai kaɗai.

Alhaji ya ture ƙwaryar fura gefe. Sannan ya ce, "Karen mota ba shi ke tuƙi ba, amma duk ramin da mota ta faɗa, da shi take faɗawa." Kawu ya fara ba da haƙuri, ya ɗaga masa hannu. Ya ce bai mai da goro ba, bai kuma sa rana ba. Ya ce, "Ɗiyata ba ƙanen za ta aura ba. Mai maganar ya buɗe baki in ji, ya gaya mani abin da yake yi da abin da zai yi. In ya so ya yi daga cikin tekun."

Da muka iso gida Kawu ya sauke ni ya wuce abinsa. Inna ta tambaye ni, na ce ana jiran ka, wanda gaskiya ne. Sai ta ce, "Allah sarki, mai sayar da raki," ta yi dariya. Na shiga ɗaki.

Da za mu taso, Rashida, wadda ashe tuni ta dawo daga lekol inda take koyar da yara kos na hutu, ta ba ni takarda ta ce in ɗauka in aiko maka. Ga ta nan. Na karanta, don ba yadda za a ɗauki hoto ido rufe.

Ka yafe mani in za ka iya.
Ƙanenka, Al'amin

Gabi, Juma'a

Malam Hamza,

Sallama da gaisuwa. Ina bayan zaure na ji komai, katangar ba ta da kauri.

Ni ba ƙofofinka suka fi damuna ba, wannan tsakaninka da Baba ne, da kuma Allah. Abin da ya dame ni, labarin rakin nan har ɗalibaina na ba, ƴan aji huɗu. Na ce masu akwai ƙasar da ake sayar da raki a kwalba, duk mai kuka zan aika da shi can. Ashe tallar giya ka sa ni a aji.

Ɗaya ya tsaya gaban Baba duk da tsoronsa ya faɗi gaskiya. Ɗaya ya laɓe bayan teku ya ce a ce kifi. Ka taimake ni da lissafin nan, don ni ban yi jami'a ba: wanne ne Mai-raki?

Ina nan inda ka bar ni. Amma ba zan ce wa Baba komai ba sai ka ce.

Wassalam.
Rashida

Hanya, Lahadi

Malam Al'amin,

Salamu alaikum. Na karanta duka biyun. Taka ta fi tsawo, tata ta fi zafi.

Na je wurin Manoli na ce zan koma jirgi gaba ɗaya. Ya ce daga gobe kullum da asuba, in na makara ya tafi ya bar ni. Kuɗin ba zai kai ba, ka gaya wa Kawu a rage buri a kan kayan biki.

Gobe bayan la'asar zan aiko murya. Ka caja portabul. Ka fara kunna wa Inna, a ɗaki, ba a tsakar gida ba, kuma ka zauna kusa da ita har ta ƙare. Sannan ka hau moto ka kai Gabi.

Ka riƙe wayar da hannu biyu.
Yayanka, Hamza