Takardar Filin Rimi

3 ga Maris

Zuwa ga ɗana Sarwono,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ningsih da yara. Yaya tarin nan naka? Hayaƙin gonar manja ba abin wasa ba ne, ka riƙa shan citta. Ka yi haƙuri da rubutuna. Wata takwas ke nan da na shiga ajin koyon karatu na manya a masallaci, har yanzu layina gangarawa yake yi.

Za a raba mu da Filin Rimi. Jikokin Haji Dullah sun zo daga Jakarta, sun ce gadonsu ne, za su sayar a mai da shi garejin manyan motoci. Kowa ya san ba haka ba ne. Da can wurin sauke rake ne na kamfanin sukari, shanun amalanke ke kwana a ciki. Haji ya saye shi ya yi waƙafinsa don ƙwallo da sallar Idi, tun ina goye. Babanka ya shekara talatin yana ja masa layi da farar ƙasa, ni kuma ina bakin raga da kaskon suyar tempe, wainar nan ta waken soya. Ka tuna wasan ranar 'yancin kai, da maza ke bugawa ɗaure da zannuwan matansu, shekarar da na Pak Harjo ya kwance?

To, hukuma ta ce sai da takarda. Takardar kuwa babanka aka ba ajiya, kuma ka san ya neme ta har ya koma ga Allah.

Jiya Pak Harjo, wanda shi ne mai unguwa yanzu, ya kawo irinta ta wani masallaci don mu ga kamanninta. Tun da na gan ta abinci ya ƙi shiga.

Mahaifiyarka,
Sumirah

10 ga Maris

Ɗana Sarwono,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Allah ya sa jikin da sauƙi.

Na san inda takardar take. Ranar da na haife ka babanka yana Klaten da ƙungiyar ƙwallo. Ungozoma ta wanke mabiyiyarka ta sa a tukunya, da allura da zare, ta ce in kawo takarda mai rubutu don ka yi ilimi. Na buɗe gwangwanin takardun babanka na zaɓi wadda ta fi kyau, mai jan hatimi. Na ce a raina ɗana ba zai tashi kamar ni ba. Ungozomar ta naɗe ta a gorar bambu, ta toshe da kakin zuma, aka binne tare da tukunyar a dama da ƙofa.

Da ya fara nema na yi zargin kaina. Tsoro ya hana ni magana. Mutane har cewa suka yi sayarwa ya yi, ina ji, ina shiru.

Yau na faɗa wa Pak Harjo. Maƙwabciyarmu Yu Parmi ce ta yi dariya ta ce, "Yu Mirah, ashe shi ya sa ɗanki ya iya ƙwallo ya faɗi lissafi. Kin nemo malami, kin binne gola."

Amma a al'adarmu mabiyiya ƙaninka ce, ba a tono ta. Tsofaffi sun ce mai ita kan kwanta ciwo, ga ka da tari. Masu awon fili za su zo ranar ashirin ga wata. Ba zan bari a sa fartanya ba sai ka yarda.

Mahaifiyarka,
Sumirah

24 ga Maris

Ɗana Sarwono,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Saƙonka ya iso. Ka ce in tona, sunan babanka ya fi tarinka. Na yi kuka kaɗan.

Mun dafa shinkafa mai kurkur, liman ya yi addu'a, Pak Harjo ya tona da hannunsa. Tukunyar na nan, ba mu buɗe ta ba. Gorar ta tsage, danshi ya cinye rabin takardar. Hatimin da lamba da sunan Haji sun tsira. Suka miƙo mini, ni na fara karantawa, harafi harafi, ba wanda ya gaggauta ni. A ofishin waƙafi an sami lambar a tsohon kundi. Masu awo ba su zo ba.

Ranar Juma'a liman ya ambaci babanka, ya ce Kasdi bai ci amana ba. Na miƙe daga sahun mata na faɗi wadda ta ɗauka.

Ban so in mayar da ƙaninka hannu wofi ba. Na yagi takarda daga littafin ajinmu na rubuta sunanka da na babanka, sau uku ina sakewa kafin layin ya miƙe. Ita muka binne.

Ka rubuto mini gaskiyar yadda ƙirjinka yake, kada ka ɓoye.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum,
Sumirah